Kwana a Bayan Iyakar Harami

Asabar, bayan la'asar

Kabira! Kabira, sauke tukunyar nan ki zo ki saurare ni yanzu, yanzun nan, kafin mijinki ya dawo. Ba anjima ba. Ɗauko biro da ragowar littafin makarantar Manar, ki zauna nan inda zan riƙa ganin hannunki. Ba wai na yarda da ke ba ne. Ke kaɗai ce a gidan nan kika yi boko a Kano kafin a kawo ki. Abin da na faɗa shi za ki sa. In kin rage, Allah yana gani.

Rubuta. Ni Maryama, da ake ce wa Inna Mai Alkama, ina zaune a unguwar Shisha a gidan ɗana. Ana ƙulla mini wani abu. In an wayi gari babu ni a Makka, a kai wa ƙawata Shatu littafin nan a Aziziyya, a karanta mata.

Jiya da aka sauko daga Juma'a ya shigo ɗakina ya zauna a ƙasa. A ƙasa fa. Mutumin da ko gaisuwa a tsaye yake yi, makullin bas ɗin alhazai a hannu. Ya ce, "Inna, na yankar mana tikitin jirgin ruwa." Wai daga Jidda, kwana huɗu, irin wanda ake yayi yanzu. A ci, a sha, a kalli teku, a dawo. Ni da shi da ke da 'yarku Manar.

Na ce, "Jirgin da ba ya zuwa ko'ina, me ya fito yi?"

Ya yi dariya. Ta yaƙe.

Ya sani sarai, kowa ma ya sani. Tun da aka shigo da ni garin nan ina yarinya ban taɓa kwana a bayan iyakar Harami ba, in ba Madina ba, ita kuwa Harami ce. Arfa yini ake yi, rana na faɗuwa an dawo Muzdalifa, cikin iyaka. So nake in ta zo ta same ni a ciki, a sallace ni a gaban Ka'aba, Shatu ta yi mini wanka. Alkawari ne tsakanina da ita tun muna sayar da alkamar tattabaru a bakin Harami: wadda ta riga, ɗayar ta wanke ta. Ba ni da gona, ba ni da gwal. Wannan kaɗai na tara.

Kuma ni za a gaya wa jirgin Jidda? Zamanin kame, in jawazat, 'yan shige da fice, suka tara mutanenmu marasa takarda, a jirgi ake zuba su a tsallakar. Hadijatu mai waina ta dawo? Har yau tandarta tana wurin Shatu.

Mutum mai sunan annabin da kifi ya haɗiye, shi ne zai ce a shiga jirgin ruwa shan iska. Ruwa ba ya tsami banza.

(Ni Kabira ce mai rubutu. Inna ba ta faɗar sunan maigidana, ɗan farinta ne. Ni ma ba na faɗa. Duk inda ta ce "shi", shi ne.)

Lahadi, da hantsi

Bai ci tuwon jiya ba. Miyar kuka, ni na kaɗa da hannuna. Loma biyu ya ture. Mai shirin cutarka ba ya iya cin abincinka. Sa haka.

Talata, bayan azahar

An kai ni wani ofis na dangwala yatsa. Ƙaninsa Nu'uman ya same mu a can. Sai a mota nake jin wai iƙamata ta tashi daga hannunsa ta koma hannun Nu'uman. Iƙama fa, takardar zamana a ƙasar nan, tun rasuwar ubansu shi yake riƙe da ita.

Na ce, "Na yi maka nauyi ne?"

Ya ce, "Haba Inna. Nizami ne kawai, dokar ƙasa."

Nu'uman yana tuƙi, hanya kawai yake kallo. Nu'uman da ba ya rufe baki ko a maƙabarta.

An kuma buga mini wata ta fita, wai huruj da auda, fita da dawowa. Fitar na ji da kyau. Dawowar a bakinsu take.

Me kika tsaya yi? Rubuta mana.

Alhamis, bayan la'asar

Manar ta sauke ni wurin Shatu. Na same ta a tsakar bene tana watsa wa tattabaru ragowar shinkafa. Na zayyana mata komai.

Ta ce, "Ke tsohuwar banza, wa zai tsallakar da ke? Can ɗin me suka yi wa Allah da za a kai musu ke?"

Na ce, "Hadijatu fa?"

"Hadijatu ba ta da ɗa mai hawiyya. Kuma ita a jirgin awaki aka sa ta. Wannan an ce har lifta gare shi."

"In na mutu a ruwa wa zai wanke ni?"

"Ruwan mana. Ya rage mini aiki, ga bayana yana ciwo."

Na zage ta, ta rama. Muka sha shayi. Da na miƙe sai ta kama mini gefen abaya, ta ce, "Maryama, in ɗanki ya ce zo mu je, ki je."

Na ce, "Tun yaushe kika zama lauyarsa?"

Ba ta dube ni ba. Tattabaru take kallo. Na ga kwalin halawa sabo a kan firjinta, irin wanda yake sayowa a Shisha. Ya riga ni zuwa ke nan. Har Shatu.

Juma'a, da yamma

Ya sake zama a ƙasa. Hula har kunne, a cikin gida. Ya ce, "Inna, tun da na girma na taɓa roƙonki wani abu?"

Na duba, na duba. Bai taɓa ba. Ɗan fari ba ya roƙo, ai ba a sake masa fuskar da zai roƙa ba.

Na ce to. Bakina ne ya faɗa, ba ni ba.

Amma na kafa sharaɗi. Likkafanina da na wanke da zamzam zai bi ni. Jarkar zamzam za ta bi ni. Kuma ba zan sa haƙarƙarina a ƙasa ba sai mun dawo cikin iyaka. A zaune zan yi dararen nan da carbi. Manar, mai ce mini Sitti, wato kaka, ta ce, "Ya Sitti, ko a zaune ai kwana ne." Na ce da aka haifi ubanki ba a tambaye ki fatawa ba.

Asabar, da safe

Ba komai yau. Kowa yana yi mini kirki. Abin ya ishe ni.

Lahadi, cikin jirgi, bayan magariba

Da muka wuce alamar iyaka a hanyar Jidda na rufe ido. Ban buɗe ba sai da na ji warin gishiri.

Kabira, ki sa gaskiya: wannan ba jirgi ba ne, unguwa ce aka ɗora a kan ruwa. Ya fi otal-otal ɗin Aziziyya tsayi. A ƙofa suka hana jarkar zamzam, sai 'yar gora suka bari. Wata ma'aikaciya ta buɗe jakata ta zaro farin yadi, ta ce wannan fa? Manar ta yi wuf ta ce zanin gado ne. Na ce ƙarya take yi, kafani ne, nawa. Yarinyar ta ninke shi da hannu biyu, ta ce Allah ya ja kwana.

Shi kuwa da ya ga yadin sai ya juya baya ya fita daga layi, wai zai sha iska. Laifi ba ya son ganin likkafani.

Aka rataya mini kati mai hotona a wuya. Haka ake sa wa tumakin hadaya lamba a Mina.

Ba mu daɗe a ɗaki ba sai ƙara ta tashi, wiii, wiii, har cikin haƙori. Na leƙa, na ga ma'aikata suna kora mutane waje guda, ana jera su, ana duba katin wuyansu ɗaya bayan ɗaya. Na san wannan. Na taɓa ganinsa a unguwar Jarwal, zamanin kame, ina goye da Nu'uman. Ke da Manar kun yi gaba kuna zaton ina bayanku. Ni kuwa na koma na shige banɗaki na murza makulli, na rungume jakata.

Aka buga, aka buga. Wani ma'aikaci da Larabcin mutanen Jawa yana cewa, "Hajja, tamrin, tamrin bas." Wai gwaji ne kawai na ranar hatsari. Haka ake cewa.

Can sai na ji muryarsa. "Inna. Buɗe. Ni ne." A tsakanin kowace kalma sai ya tsaya. Na buɗe. Yana zaune dirshan a ƙasan lungun, ya jingina da bango, zufa ta jiƙa taubinsa, doguwar rigar nan. An tsayar da lifta saboda gwajin, ta matakala ya hawo nemana.

Mutumin da ya goya ni ya hau da ni dutsen tsohuwar unguwarmu, shekaran jiya-jiyan nan kafin a rushe ta, yana tafe yana ba ni labari. Yau matakala ta zaunar da shi.

Nauyin abin da ya ƙulla ne. Rubuta haka. Na ce rubuta haka, Kabira.

Litinin, da hantsi

(Manar ce. Mama kanta yana ciwo. Ina rubutawa da harafin Larabci, Mama za ta juya daga baya.)

Uwarki idonta ya kumbura, wai iskar teku. Ni iskar ba ta kumbura nawa ba.

Daren jiya a kujera na yi shi. Gyangyaɗi ba ya cikin lissafi.

Alƙibla ta gudu. Ni da tun ina yarinya in na buɗe taga na san inda Ɗakin Allah yake, yau sai an kunna talbijin an ga wata kibiya. Na kabbara tana nan, na sallame ta koma can. Wa ya san wanda yake juya ta?

Da muka dawo daga karin kumallo na tarar da wani abu a kan gadona. Tsuntsu. Fari, da dogon wuya, an sa masa ido biyu baƙaƙe, yana kallon ƙofa. Na ce kar wanda ya taɓa. Na tofa Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, na yayyafa zamzam, na sa sanda na ture shi.

Kika ce, "Ya Sitti, wallahi tawul ne bas! Mai gyaran ɗaki ne yake naɗawa, kowane ɗaki akwai."

Kowane ɗaki. To shi ne me? Mai sammu ba ya iya yi wa gari guda?

Ubanki ya yi dariya har da riƙe ciki. Ta gaske wannan karon. Na daɗe ban ji ta ba. Daga baya ya ci gaba da riƙe cikin, dariyar kuwa ta riga ta ƙare.

Cire wannan na ƙarshen. Kin cire?

Litinin, bayan isha'i

(Kabira ce kuma.)

Abinci dai, sai wanda ya gani. Teburi ya fi layin masu ɗawafi tsawo. Kifi kala-kala, shinkafa kala-kala, kankana an sassaƙa ta kamar fure. Ka ɗiba, ka koma ka ɗiba, ba mai harararka. Na ce wa Manar ragon layya ma haka ake yi masa. Amma na ci. Kifin nan da aka gasa da lemon tsami, na koma sau biyu. In za a tsallakar da ni, gara a tsallakar da ni a ƙoshe.

Akwai wani inji, ka danna, askirim ya murɗo kansa cikin ƙoƙo. Ba mai tsaro. Na aiki Manar, na sake aikenta.

Ta kai ni ɓangaren mata, wani ɗan tafki mai tafasa ba wuta. Na tsoma ƙafafuna kawai. Gwiwoyin nan da suka shekara suna zagina suka yi shiru. Wata Bamadina a gefena ta ce ita wannan zuwanta na uku ke nan, duk hutu sai ta zo. Na ce, "Kuma duk suna mayar da ke?" Ta dube ni kamar na taɓu.

Da yamma wasu manyan kifaye suka biyo jirgin suna tsalle, bibbiyu, kamar 'yan biki. Kowa ya taru a bakin ƙarfe ana ihu. Shi ma ya jingina yana leƙe. Na sa maƙatar sandata na jawo taubinsa ta baya. Na ce, "Kai da wannan sunan naka, matsa daga nan."

Ya ce, "Inna, tsorona kike ji ko tsoron kifin?"

Na saki taubin. Sandar ba ta sha wuyar jawo shi ba. Da can sai in jawo bango.

A teburin dare romo kawai ya sha. Duk wannan abinci.

Talata, bayan azahar

(Kabira.)

Yau ce ranar. Na farka daga gyangyaɗi na ga ƙasa ta taga, duwatsu jajaye, ba namu ba. Wai wani gari ne na Masar, za a sauka a zaga kasuwa a dawo kafin magariba. Tsallake dai. Na ce ga ta nan, biri ya yi kama da mutum.

Na zauna a kan gado na naɗe ƙafa, na ce sai dai a ɗauke ni da gadon. Na jira a fara lallashi, daga lallashi a koma ja.

Ba wanda ya ja ni. Ya ce, "Ku je ku, ni zan zauna da Inna." Kuka tafi ke da Manar. Na ce a raina, an bar mai gadi.

Jirgin ya zama fayau. Ya kai ni can sama, wurin kujerun nan masu miƙewa, ƙarƙashin rumfa. Wani ma'aikaci ya kawo mana shayi da na'ana'a. Ina riƙe da jakata a cinya, ina jiran masu zuwa su zo.

Ba wanda ya zo. Sai iska.

Ya ce, "Inna, ba ki taɓa ba ni labarin tsallakowarku ba."

Na ce ba labari ba ne.

Ya ce, "Ina so in ji daga bakinki."

Ban san abin da ya buɗe mini baki ba. Na gaya masa. Daga Sawakin, a sambuk, kwalekwalen katako mai tanti, an cusa mu kamar buhuna. Ina ƙarama, haƙorana na gaba sun faɗi. Innata tana zazzaɓi tun a Sudan, ta ɓoye don kar a hana mu shiga. Shekara nawa suna tafe daga gida, suna noman auduga a hanya, don ta ga Ka'aba. Saura yini guda. Ba likkafani, a zanenta aka naɗe ta. Matan da ke ciki suka kare ni da jikinsu don kar in gani. Amma na ji ƙarar ruwan.

Wannan ruwan. Shi ne dai wannan da ake kallo ana shan askirim.

Ya juya ya kalli ruwan. Sannan ya ce, "Da na sani da ban kawo ki ba."

Na ce, "To me ya sa ka kawo ni?"

Ya buɗe baki. Sai iska ta zo ta fizge hularsa, ta yi sama da ita, ta jefa a teku.

Ya yi aski. Ƙwal. Bai yi umra ba, da na sani, ni nake wanke haraminsa. Wanzamin nan kuwa mugu ne, har gira ya kwashe.

Ya sa hannu zai rufe kan. Sai ya fasa. Ya zamo daga kujerarsa ya zauna a ƙasa, ya ɗora kan a gwiwata, kusa da jakar. Ƙato da shi, mai 'ya a jami'a. Tun da aka yaye shi aka kai shi wurin gwaggonsa bai taɓa ba, ni ma ban taɓa bari ba. Ana kunyar ɗan fari. Haka muka tarar.

Na duba hagu, na duba dama. Ba kowa sai wani Bature can nesa yana barci da baki buɗe.

Na sauke jakar ƙasa.

Kan da zafi. A gindin wuyansa, ƙarƙashin fata, akwai wani abu kamar maɓalli. Na zuba zamzam a tafin hannu na shafa masa. Ban tambaya ba. Bai faɗa ba.

Kar ki rubuta wannan, Kabira. Ajiye biron. Me kike yi wa kuka? Kin sayo masa wata hular a kasuwar tasu ko ba ki sayo ba?

Laraba, da hantsi

Na yi barci. A kwance. Har rana ta fito. Ban mutu ba.

Laraba, bayan la'asar

Yau mai gyaran ɗaki giwa ya naɗa. Na bar ta.

An yi wasa a wani babban zaure, wani yana fito da tattabaru daga hannun riga. Ni za a nuna wa tattabara. Na ce wa Manar ramammu ne, ba a ba su alkama. Shi yana gefena, ya yi barci tun kafin a fara. Na gyara masa sabuwar hular.

Har yanzu ban yarda da jirgin nan ba. A sa wannan. Gobe za a gani in da gaske Jidda ya nufa.

Alhamis, bayan isha'i, a gida

Jidda ya nufa.

Da muka zo alamar iyaka ban rufe ido ba. Na yi hamdala. Na shigo da ƙafafuna, da likkafanina a ninke. Ba wanda ya tsallakar da ni.

To in ba wannan ba ne, mene ne?

Asabar, da safe

Ƙasa tana yi mini rawa kamar har yanzu muna kan ruwa. Manar ta ce haka ake yi, zai daina.

Litinin, bayan azahar

Ana haɗa akwati kuma. Babba. Ki daina cewa kayan sanyi kike gyarawa, na ga kin sa silifas ɗinsa na wanka.

Nu'uman ya zo da fara'ar da ba tasa ba. Wai an yi wa yayansa canjin wurin aiki zuwa Riyad, wata uku ko huɗu, ke za ki bi shi, ni kuma in koma gidansa a Aziziyya kusa da Shatu. Har an yi wa ɗakin fenti.

Na ce, "Direban alhazai. A Riyad wane alhaji zai ɗauka?"

Nu'uman ya dube ki, ke kika dubi ƙasa. Ya ce, "Idara ce, Inna. Ofis."

Na ce Allah ya sa alheri.

Riyad. An ce ko a jirgin sama sai an daɗe. Babu Harami a can ko na ɗani guda.

Talata

Ban da abin faɗa.

Laraba, da hantsi

Na dama masa kunun tsamiya. Ya sha rabin kofi. Rabin kofi, sa shi a littafin.

Alhamis, bayan la'asar

Na je wurin Shatu. Ban zauna ba. Na ce, "Tun yaushe?"

Ba ta ce tun yaushe me ba. Ta ce, "Tun kafin Rajab. Ya zo nan ya zauna inda kike tsaye. Ya ce kar a gaya miki, wai ba za ki iya ɗauka ba."

"Ni?"

"Na ce masa bai san uwarsa ba. Ya ce ai ba a ba shi dama ya san ta ba."

Na zauna.

Tattabaru suka sauko suna zagaya mu. Ta miƙo mini kwanon shinkafar, na watsa musu. Can na ce, "Shatu, in mutum ya mutu a Riyad, ina ake kai shi?"

Ta ce, "Ƙasa. Irin wadda ake kai na Makka."

"Ke dai ba ki da ilimi."

"A wurinki na koya."

Da zan tafi ta ce in tsaya ta ba ni tandar Hadijatu, wai yaron yana son waina tun yana ƙarami. Na ce me zan yi da tanda a Aziziyya, ga ki kusa. Ta ce, "Ɗauki dai." Tsohuwar nan mayya ce.

Juma'a, bayan sallar asuba

Kabira, zo. Kawo littafin. Bar ɓoye fuskar nan, na gaji da ganin ƙeyarki. Kin yi ƙoƙari, 'yar nan. Kina rubuta zagin mijinki da hannunki, ba ki taɓa ce mini kanzil ba. Allah ya yi miki albarka. Na san asibiti za ku, ba ofis ba. Ba sai kin gaya mini sunan ciwon ba, ba na son jin sunansa. Tun daren tuwon nan nake kewaya shi kamar mai kewaya rijiya.

Rubuta.

A gaya wa Nu'uman ya rufe ɗakinsa mai fenti. A nemo mini kujera a jirgin da za ku hau ranar Lahadi. In babu, a bas. In asibitin ba sa barin tsofaffi su kwana, akwai ƙofa, na saba zama a bakin ƙofa, a nan na ci abincina shekara da shekaru. Wa zai dama masa kunu a can? Ke ba ki iya sa tsamiya ba, kullum sai ta yi yawa.

Na kwana a kan ruwan da ya ci uwata, na tashi. Riyad ai tudu ce.

A sa tandar a akwati. A sa jarkar zamzam, babba, a naɗe ta yadda suke so. Likkafanin ma zai bi ni. Kuma kowa ya ji da kyau: guda ɗaya ne, nawa ne, ba na ba da aro. Ni na riga zuwa, ni zan riga tafiya. Haka tsari yake, haka nake roƙo.

In ta same ni a can, to ta same ni. Duk matar da ta iya wanka ta yi mini. A ce wa Shatu na warware mata alkawari, ta yafe mini nawa in ita ta riga ban dawo ba. Za ta yi zagi. A bar ta ta yi.

Amma ba ita za a fara gaya wa ba. Ba Nu'uman ba, ba Manar ba. Yana ɗaki, na ji tarinsa, ya farka. Je ki yanzu, kafin ya sa hular nan. Ki ce na sani, kuma ina tafe.

A'a, tsaya. Riƙe ni in tashi, ni zan faɗa da bakina. Ke dai rubuta wanda za a fara gaya wa. Rubuta shi sosai, yadda aka raɗa masa.

Yunus.